Ni AA, ɗana SS: gwajin DNA zai iya cire shi daga nasabata?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Shekararmu tara da aure, 'ya'yanmu uku. Na tsakiyan, mai shekara shida, ya daɗe yana fama da ciwon gaɓoɓi, da aka gwada shi a asibiti aka ce SS ne, wato mai sikila. Gwajin da muka yi kafin aure ya nuna ni AA, ita AS, kuma a sanina mai AA ba ya haifar SS. Tun ranar barci ya ƙaurace wa idona, amma ban ce mata uffan ba. In DNA ya nuna ba nawa ba ne, alƙali zai cire shi daga nasabata? Daga wani magidanci, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Madalla da ka kame bakinka, Malam. Ka ci gaba da kamewa.

Fara da takardar nan ta kafin aure. A ina aka yi gwajin? Na sha ganin angon da aka rubuta wa AA cikin gaggawar biki, daga baya aka sake aunawa sai ga AS. Ka je asibitin koyarwa a sake ɗibar jininku ku uku. Akwai ma wata larurar jini ta gado, talasimiya, wadda mai ɗauke da ita kan fito AA a gwaji na yau da kullum, amma idan ta haɗu da S daga wajen uwa, sai yaro ya fito tamkar SS. Likitan jini ya san wannan, ka tambaye shi.

Sai batun kotu. Aurenku na Musulunci ne, don haka alƙalin kotun shari'a da fiƙihun Malikiyya zai yi hukunci, kuma ƙa'idar ita ce hadisin nan: ɗa na mai shimfiɗa ne. Duk yaron da aka haifa bayan wata shida ko fiye da tarewa, mijin ne ubansa. Ƙofar kore shi ita ce li'ani, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 6 zuwa 9: miji ya rantse sau huɗu, a ta biyar ya kira wa kansa la'anar Allah in ƙarya yake, matar ma ta rantse, a ta biyar ta kira wa kanta fushin Allah in gaskiya ya faɗa. Daga nan aure ya mutu har abada. Amma Malikiyya sun tsananta: wanda ya san da cikin ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ya rasa wannan damar. Kai kuwa ka yanka rago, ka raɗa suna, shekara shida kana amsa Baba.

DNA ba ya buɗe ƙofar da ta rufe. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka a 2002, ta ce ba a kore tabbatacciyar nasaba da wannan gwaji, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani. Ta yarda da shi a wurare irin su musayar jarirai a ɗakin haihuwa, abin da shi ma ya kamata ka sa a lissafi kafin ka zargi kowa. Ko a babbar kotu, sashe na 165 na dokar shaida ta 2011 yana ɗaukar ɗan da aka haifa cikin aure a matsayin na mijin, sai in an kawo hujja mai ƙarfi.

Kuma ka kiyayi harshenka a gaban dangi. Jifan matar aure da zina babu shaidu huɗu ƙazafi ne, haddinsa bulala tamanin.

Kafin sakamakon ya fito, a sa yaron a layin asibitin masu sikila, ya riƙa shan ruwa sosai, ya kwana cikin gidan sauro, a rufa masa jiki da sanyin asuba. Ka sake rubuto mini abin da gwajin na biyu ya nuna.