Kuɗin ƙungiyar masu gida: me yake saya mana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan rusau ɗin da aka yi a tsofaffin unguwannin Jidda a 2022, na sayi gida a wani bene mai gidaje goma sha biyu. Yanzu maƙwabta sun ce mu kafa ƙungiyar masu gida, kowa ya riƙa biyan kuɗi duk shekara. Tunda baladiyya, wato hukumar kula da birni, na kwashe shara, mene ne amfanin wannan kuɗin? Daga wani magidanci a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Aikin baladiyya a bakin titi yake tsayawa. Motarsu za ta ɗauke abin da ke cikin bola, in ta yi jinkiri ka kira 940 ko ka kai ƙara ta manhajar Balady. Amma daga ƙofar benenku zuwa ciki, matakala da lifta da rufin sama da tankin ruwa da wurin ajiye motoci, duk naku ne ku goma sha biyu. Abin da kowa ke da rabo a ciki kuwa shi ne ya fi saurin rasa mai kula.

Kafa ƙungiyar ma doka ce ta wajabta. Dokar mallakar gidaje da rarraba su da Saudiyya ta fitar a 1441 Hijira, wato 2020, ta ce in masu gida a gini ɗaya suka kai uku sai sun kafa ta, ana kuma yin rajista ta dandalin Mullak. Kowa yana biya gwargwadon faɗin gidansa, don haka mai ɗaki uku ba zai biya daidai da mai ɗaki shida ba.

A tsohuwar unguwa kunya ce ke share lungu. Kowa ya san ƙofar wane ce, in yaro ya zubar da shara dattijo ya tsawata masa, in kwata ta toshe matasa su fito aikin gayya. A bene kana iya shekara ba ka san sunan na samanka ba, to wa zai ji kunyar wa? Ƙungiyar ita ce ke maye gurbin wannan dattijon, sai dai ita da takarda da asusun banki take aiki. Ni abin da na fi ji wa tsoro shi ne tankin ƙasa, domin datti a matakala ido na gani, shi kuwa tanki sai cikin yara ya ɓaci ake tunawa da shi. Ga ruwan na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga yana taruwa, a garin da aka san shi da sauron zazzaɓin dengi.

Ba kowace ƙungiya ce ke aiki ba fa. Akwai wadda ake tara kuɗi, mai gadi ya wanke matakala ranar Juma'a, shi ke nan. Saboda haka kafin ka biya, Alhaji, ka halarci taron farko, ka nemi a rubuta sau nawa za a wanke tanki, wane kamfani ne zai duba lifta, nawa za a ajiye don gyaran gaggawa. Kuɗin kuma su shiga asusun ƙungiya, kada su zauna a aljihun maƙwabci komai amincinsa.