Ciwon bayan Baba da maganar hifnosis

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya iyali. Daga wani ƙauye nake rubuto maka a yankin Ringim, maganar mahaifinmu ce wlh ta dame mu, shekara shida kenan yana fama da ciwon baya daga ƙugu ya sauko har cinyar hagu, tun wata damina da ya ɗaga buhun taki shi kaɗai. An yi ƙaho an yi tsaga an sha sassaƙe an shafa man zafi, yanzu dai kullum sai ya aika kemis an siyo masa haɗi, ƙwaya biyar ko shida kala-kala a ƙulle a leda, in bai sha ba ko ruku'u baya iyawa sai dai yayi sallah a zaune. To ƙanina dake karatu a Dutse ya zo hutu ya nuna mana wani bidiyo a waya, wata baturiya tana yiwa wani mutum magana a hankali ya lumshe ido, da ya buɗe yace ciwon ya ragu, wai sunan abin hifnosis kuma har a asibiti ake yi a ƙasashen waje. Kawu yana gani yace a kashe wayar, wannan ai sihiri ne irin na 'yan damfarar tasha da suke dafa kafaɗar mutum ya miƙa musu kuɗinsa. Ni kuma tausayin Baba nake ji. Dan Allah da gaske yana maganin ciwo? In da gaske ne a ina ake yi? A sakaya sunana.

AMSA

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ce. Ƙaninka bai yi ƙarya ba, ana yi a asibiti kuma yana ragewa wasu mutane ciwo, sai dai ba zai gyara abin da ya taɓu a bayan Baba ba. Kuma in gaya maka gaskiya ledar haɗin nan tafi bidiyon tada min hankali, zan zo kanta.

Ka taɓa zama gidan kallo ana ƙwallo, ana ta kwaɗa maka kira daga waje baka ji ba? Ko mutum yana noma rai a ɓace ana gasa da na gefensa, fartanya ta sari ɗan yatsansa bai sani ba sai da ya ga jini a ƙasa? To wannan halin ne ake jawowa da gangan. Mai yin abin zai sa ka zauna ka saki jiki, ya tattara maka hankali wuri ɗaya da magana mai taushi, sannan ya riƙa baka wasu hotuna a zuci, misali wurin da yake maka zafi ana zuba masa ruwan randa mai sanyi. Kana jin duk abin da ake faɗa, ba barci kake ba ba kuma suma kayi ba, in ka ga dama ka buɗe ido ka ɗauki takalminka ka tafi. Babu turare babu ɗalasimai babu kiran wani aljani. Fatawa ta malamai ce, amma in za a kai musu tambayar a kai musu abin yadda yake, ba yadda ake nunawa a finafinai mutum na kaɗa agogo wani na zama bawansa ba.

Kawu ma ba shi ya fara zargin ba, su kansu Turawan haka suka yi. Wani likita Bajamushe mai suna Mesmer ne ya shahara da abin a birnin Faris, yana cewa wai akwai wani ƙarfi irin na maganaɗisu dake fita daga jikinsa ya shiga marasa lafiya. A 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamiti har da Benjamin Franklin na Amurka a ciki, suka gwada suka ce babu wani maganaɗisu, tunanin mutanen ne ke aikin. A ganinsu sun kashe maganar kenan, alhali sun gano ainihin sirrin. Daga baya wajen 1843 wani likitan tiyata a Manchester, James Braid, ya yaɗa sunan da ake kira yanzu, ya aro daga kalmar barci ta Girkanci, sunan da har yau yake ruɗa mutane tunda ba barcin bane. A Indiya kuma wani likita James Esdaile ya riƙa yiwa mutane tiyata da wannan hanya daga 1845, sai ga maganin sa barci na shaƙa ya fito a 1846, kowa ya koma can, kuma ai da gaskiyarsu. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi a 1955, kuma akwai asibitin jami'a a garin Liège na ƙasar Beljiyam da tun wajen 1992 suke haɗa shi da allurar kashe zafi ta wurin da za a yanka su yi aikin maƙoƙo mutum na farke.

To ta yaya magana zata rage ciwo? Bayan ne yake aika saƙo amma ƙwaƙwalwa ce take yanke hukuncin yadda za a ji shi. Shi yasa in ka buge ƙwauri da turmi sai ka hau murzawa kuma ka ji sauƙi, murzar ce take tare wa saƙon zafin hanya a laka, wasu masana biyu Melzack da Wall suka yi bayanin haka a 1965. A 1997 kuma a Montreal ta ƙasar Kanada an sa mutane sun tsoma hannu a ruwan zafi ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, aka yi musu hifnosis aka ce musu zafin bazai dame su ba, sai aka ga ɓangaren dake kula da damuwar ciwo ya lafa alhali ɓangaren dake sanin ruwan da zafi yana nan yadda yake. Wato akwai zafin, akwai kuma azabar zafin, ta biyun ce aka fi iya taɓawa.

Wannan kuwa shi ne kan maganar ciwon da ya daɗe. Duk ciwon da ya wuce wata uku mukan sa shi a wani aji daban, domin sau da yawa raunin farko ya warke ko ya lafa amma jijiyoyin sun zama kamar karen gidan da ɓarawo ya taɓa shiga, ko akuya ce ta gifta sai haushi. Ga rashin barci, ga tunanin gona tana can ba mai dubawa, ga dattijo da ya saba shi ke gaba a gayya yau yana zaune kan tabarma ana miƙo masa buta, duk waɗannan ƙara wa karen haushi suke.

Amma kar ku sa rai da yawa. Ba kowa yake karɓar abin ba, kamar mutum ɗaya cikin goma ne yake shiga sosai, wasu kuma ko gezau, yawancin mutane suna tsakiya. Wanda ya dace ma ragi yake samu, ciwon da yake kai takwas cikin goma ya dawo biyar ko shida, ya samu barci, ba wai ya tashi gobe ya ɗauki buhu ba. Kuma ba zama ɗaya bane kamar a bidiyo, makonni ake yi ana koyawa mutum har ya iya yiwa kansa. Inda aka fi samun hujja mai ƙarfi ma a wani ciwon hanji ne mai kumburi da murɗa wanda gwaji baya nuna komai, har hukumar NICE ta Ingila, mai ba likitoci shawara kan hanyoyin magani, ta sa shi cikin shawarwarinta a 2008 ga wanda magunguna suka ƙi yiwa aiki. Mai taɓin hankali irin mai jin muryoyi ba a yi masa.

Yanzu ledar. Na sha zazzage irin wannan ƙullin a kan tebur, abin da aka fi samu diclofenac ne da ibuprofen da piroxicam, duk dangi ɗaya ne an tara su wuri guda, sai 'yar ƙaramar fara prednisolone ko dexamethasone, wani lokaci har da tramadol. Ukun farkon suna cin ciki su kawo gyambon ciki kuma suna taɓa ƙoda, balle ga dattijo mai yini a rana bai sha ruwa sosai ba. 'Yar farar tana hawar da jini da suga tana kuma cinye ƙashi a hankali, ƙashin bayan da ake cewa ana yiwa magani. Ku tambayi Baba ko bayan gidansa ya taɓa yin baƙi ƙirin kamar kwalta, ku duba ko ƙafa ko fuska na kumbura. Amma kar ku ƙwace ledar rana ɗaya, mai shan prednisolone ko tramadol kullum ba a yanke masa farat ɗaya, a hankali likita yake janyewa. Ku tafi da ƙullin asibiti a gani da ido.

Ciwon da yake saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa ɗaya yafi kama da jijiya ce ake dannewa, ya kamata a duba shi, ku fara da babban asibiti mafi kusa, in ta kama su tura ku asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. In kuwa yana ramewa, ko zazzaɓi da gumin dare, ko ƙafar tana mutuwa yana janta, ko fitsari ko bayan gida na zubo masa, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, to ba sai an jira ranar kasuwa an saida akuya ba, a tafi yau, tarin fuka ma yana kama ƙashin baya. A can ku nemi sashen gashin ƙashi su koya masa motsa jiki, kwanciya wuni guda ƙara sandarar da baya take. Maganar hifnosis kuma saikolojis na asibiti za ku tambaya, wato masana halayyar ɗan adam, sukan zauna a sashen kula da ƙwaƙwalwa, ka shirya jin Baba yace shi ba mahaukaci bane, ka lallaɓa shi. Duk wanda yace ku tura masa kuɗi ta waya zai yi muku ta WhatsApp, to wannan shi ne mutumin da kawu yake magana.

Kafin nan ga abin da za ku gwada a gida ba ko sisi. Bayan isha'i ya kwanta rigingine a sa masa filo ƙarƙashin gwiwa, ka tambaye shi ciwon ya kai nawa cikin goma. Ya lumshe ido ya ja numfashi ta hanci ya sake shi a hankali, fitar tafi shigar tsawo, in yana so ya haɗa da tasbihi ba laifi. Wani ya riƙa magana ƙasa-ƙasa yana cewa ya saki yatsun ƙafa, ƙwauri, cinya, har zuwa kafaɗa, sannan ya ɗauki ciwon kamar garwashi a murhu ana barbaɗa masa toka kaɗan-kaɗan, ko kamar rediyonsa yana murɗa ƙarar tana yin ƙasa. Minti goma zuwa sha biyar, a sake tambayarsa lamba a rubuta a bayan kalanda. Daren farko dariya zai yi yace yaran zamani, a bar shi yayi dariyarsa a ci gaba. In kai ne ɗan fari kunya bazata bar ku ba, sai ƙanin naka ya ɗauki muryarsa a waya kafin ya koma Dutse a riƙa kunna masa. Bayan sati uku ku duba kalandar, ka sake rubuto min lambobin tare da abin da aka ce a asibiti game da ƙwayoyin nan.