Amsoshin tambayoyinku: taron makaranta, na'urar kunne da kuɗin da ake zubarwa

Wata uwa daga Bronx, a birnin New York: Makaranta ta kira ni taro a kan ɗana mai shekara 6 da maganarsa ta yi jinkiri. Tun da na ga takardar ban yi barcin kirki ba. Maigidana ya ce kada in sa hannu a komai sai mun biya lauya.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba tuhumarki za a yi ba. A Amurka akwai doka tun 1975 da ta wajabta wa makarantun gwamnati su tsara wa irin ɗanki karatun da ya dace da shi, kyauta. Takardar tsarin ita ce suke kira IEP, kuma ba mutum ɗaya ke rubuta ta ba. Za ki tarar da malamar ajinsa, da malamar ilimi na musamman, da wakilin hukumar makaranta, da wanda zai fayyace sakamakon gwajin da aka yi masa. Ke ma doka ta ba ki kujera a cikinsu, domin ke kika san abin da yake furtawa a gida da Hausa wanda bai taɓa faɗa a aji ba. Ki nemi tafinta, haƙƙinki ne. Ki tafi da wanda kika yarda da shi, kuma ki ce a ba ki takardar ki duba a gida kafin ki sa hannu. Duk shekara ake sake zama a kanta. Kuɗin lauya ku adana tukuna, sai in an hana yaron abin da aka rubuta masa.

Wani uba daga Kano: 'Yata ta daina ji sosai bayan ta yi sanƙarau. Na ga na'urar kunne a kasuwa da araha, mai shagon ya ce daga Jamus take. In saya?

Malam, Allah Ya ba ta lafiya. Amma kada ka saya, kuma a nan zan ɗan tsaya, don wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Yawancin abin da ake jerawa kusa da caja da murfin waya ba na'urar taimakon ji ba ce, ƙaramar amsa-kuwwa ce kawai. Komai ƙara masa ƙarfi take yi, da muryar malami da ƙarar janareta da hayaniyar aji, kamar a ɗaura wa yaro lasifikar 'yan talla a kunne. Yarinya ta yi kuka ta fizge, a ce taurin kai gare ta, alhali ɗan sauran jin da ya rage mata ake ƙarasawa. Ta gaskiya sai an yi gwajin ji, an ga sautin da kowane kunne ke rasawa, a saita ta a kan wannan sakamakon, a kuma auna kunnen a yi abin toshewa daidai da shi. Kunnen yaro girma yake, don haka abin toshewar ma canza shi ake yi. Ga batir, wanda ba ya wuce kwanaki ko 'yan makonni. Mai shagon ya faɗa maka wannan? Ina!

Kuma don Allah a daina ɗiga wa yara mai da ruwan magani a kunne saboda wata maƙwabciya ta ce ta gwada. Kuɗin da ake kashewa a wannan yawon da ya kai yaro Asibitin Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, har ya yi saura. Bayan sanƙarau ba a jinkiri, cikin kunnen na iya ƙandarewa.

In ka karɓo sakamakon, kada ka jefa shi a ƙasan akwati. Mu nan ba wanda zai aiko maka da takardar gayyata, kai za ka haɗa taron da kanka: malamin aji, shugaban makaranta, da mahaifiyarta. Ku yarda ta zauna a gaba, malami ya riƙa fuskantarta in yana magana, ya daina bayani yana juya wa aji baya. Ka sayi littafin rubutu guda ya riƙa yawo tsakanin gida da makaranta. Ka kuma leƙa makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a ba ka shawara kan maganar hannu, ku koya duk gidan.

Wani Alhaji daga Abuja: Wace makarantar masu buƙata ta musamman ce ta fi tsada? Ita nake so in sa jikana.

Alhaji, da girmanka? Ba ka ma faɗa mini abin da ke damun yaron ba. Ka je ka tambaye su wa zai koyar da shi, kuma ina ya yi karatun wannan fanni: Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, ko Jami'ar Bayero, ko ta Jos? Yara nawa ne a hannunsa? Sau nawa ake zama da iyaye a zango? In suka fara nuna maka na'urar sanyaya ɗaki da motar ɗaukar yara, ka yi musu sallama.