Goron fada da gidan Malam Baƙo

Ɗana, saƙonka ya iso. Ina gaida mai jego, Allah Ya raya mana. Ka ce ba ka ga dalilin da zai sa ka kai goro fadar Sabon Zango kafin ranar suna ba, tunda ba haya kake a gidansu ba, ba kuma su suka haife ka ba. Ban ji haushi ba, ni ma na yi wa kakanka irin wannan gardamar, sai dai ni ranƙwashi na sha kafin bayani.

Ankara ɗin nan ta Ghana da kake gani, a da garin masunta ne a bakin teku, ƙasar kuwa ta Ankarawa ce, wato ƙabilar Ga. Wajen 1860 wani malami Bakatsine, Malam Idrisu Naino, ya sauka a cikinsu. A 1877 Turawa suka ɗauke hedikwatarsu daga Cape Coast suka dawo da ita nan, gari ya fara cika da fatake da masu neman aiki. A 1881 Malam ya samu fili daga masu ƙasa, shi ne Zangon Malam, wanda yanzu kuke ce wa Zongo Lane, can wajen kasuwar Makola. Duk Bahaushen da ya iso da ƙunshinsa a ka, ƙofarsa yake nema. Ya rasu a 1893.

Bayansa zango ya cushe, ga rikicin limanci da shugabanci tsakanin Hausawa da sauran Musulmin gari. Ɗansa Malam Baƙo bai tsaya ja-in-ja ba. Ya nemi wani fili a hannun sarakunan Ankarawa, can hayin tafkin Korle, lokacin daji ne, wajen 1912 ya tashi da mutanensa. Wannan shi ne Sabon Zango. Shi ya riƙa yanka wa mutane fegi, ya kafa masallaci da makaranta. Ka lura da sunansa ma, Baƙo. Shi kansa sai da ya yi sallama ga masu ƙasa kafin ya zama mai masaukin wasu. Shi ya sa sarautar unguwar take a gidansa har yau.

Fegin da aka binne cibiyar ubanka a ciki, daga hannun gidan nan ya fito. Goron ba kuɗin ƙasa ba ne, ba kuma haraji ba. Sanarwa ce: ga wani ya ƙaru cikin waɗanda kuka saukar. Ran da rigimar iyaka ta taso, ko za a nema wa yaron nan aure, su za a tambaya ɗan wane ne.

Na sani, ba kowane jikan gidan ne ya gaji halin Malam ba, wannan maganar wata rana ce. Kai dai ka sayi goro fari mai kyau, ka sa babbar riga, ka je da ƙanin ubanka bayan la'asar. Ka tuɓe takalmi tun daga zaure, ka bar shi ya yi magana.