Me yasa 'yan matan suka koma talla bayan an raba musu yunifom?

Malam, ka ce ƙungiyarku ta raba wa 'yan mata yunifom da littattafai amma kafin zango ya ƙare sun koma talla. Gaskiya matsalar ba a yunifom take ba, kuɗin tallan nan shi ke shiga cefane, wata uwar ma da shi take tara kayan ɗaki, in ka cire yarinya baka cike wannan giɓin ba dole ta koma.

Ku fara zama da iyaye mata ku bi diddigin abin, me ake saidawa, nawa ake samu, da ƙarfe nawa ake fita. Marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya lura kayan miya na saurin lalacewa shi yasa ake tura yara kullum su saida, sai ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tana sanyaya kaya ba ruwanta da lantarki, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Kuskuren da aka fi yi shine a zauna a ofis a yanke hukunci. Ku gwada a unguwa ɗaya tukuna. Batun jari ko bashi ga iyayen kuma ku nemi masu ƙwarewa a harkar ƙananan basussuka, sannan ku sa hedimasta da kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da malamai da mutanen gari mai kula da makarantar, a ciki tun farko.