Farin tabon da ke kumatun Mama

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce Mama ta fi wata da farin tabo a cikin kumatu, ba ya mata zafi, an shafa zuma an kurkure da ruwan gishiri, shiru. To rashin zafin nan shi ya yaudare mu a kan Babanmu.

Ki wanke hannu, ki haska tocila, ki goga wurin a hankali da auduga mai tsabta. In farin ya ɗebe kamar gudajin kindirmo, ƙasansa ya yi ja, galibi kandida ce, wato cutar fungas ta baki. Tana kama masu ciwon suga, da wanda ya daɗe yana shan antibayotik, da mai shaƙar maganin asma da ba ya kurkure baki. Maganin Nystatin kan kawar da ita, amma a auna mata suga.

Na Baba bai ɗebu ba. Yana gefen harshe, kamar an ɗiga fenti ya bushe. Shekara da shekaru yana cusa garin taba da goro, mu kuwa sai kemis muke zarya, har wata 4. Ranar da muka kai shi wajen likitan haƙori, sai da ya kama harshen da bandeji ya jawo shi, ya leƙa ƙasansa, ya lalubi wuya ko akwai kaluluwa. Ya duba ko wani karyayyen haƙori ne ke gurzar wurin, don shi ma yana kawo farin kanta. Babu. Ya ce ido ba ya raba gardama, sai an yanki ɗan nama an kai lab.

Nan Baba ya tubure, wai in ƙarfe ya taɓa sai ya zama ciwon daji. Ba gaskiya ba ne. Allurar kashe zafi ce, naman bai kai ƙwayar wake ba, ɗinki biyu, da yamma yana shan kunu. Sakamako ya nuna ƙwayoyin wurin sun fara sauyawa amma ba su zama sankara ba. Aka cire, ya bar taba da ƙyar, har yau ana duba shi.

Duk tabon da ya wuce sati 2 bai tafi ba, na asibiti ne. Ja mai santsi ya fi farin haɗari, haka wanda ke ƙasan harshe, ko mai tauri, ko mai zubar da jini. In kuna Kano, akwai sashen haƙori a Asibitin Malam Aminu Kano. Ki ɗauki hoton wurin yau, ku tafi da duk magungunan da take sha. Allah ya ba Mama lafiya.