Hoton CT kaɗai zai iya tabbatar da sankarar tantanin ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina tsohon kafinta ne. Cikinsa ya tara ruwa, yana ta ramewa. An yi masa hoton CT, aka ce ana zargin mesoteliyoma ta tantanin ciki. Shi ke nan an tabbatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Zargi ne aka rubuta, ba a kai ga hukunci ba tukuna.

Mesoteliyoma sankara ce da ba kasafai ake ganinta ba. Ta fi kama tantanin huhu. Ta tantanin da ya lulluɓe kayan ciki ita ce ta biyu. Babban abin da ke jawo ta shi ne ƙurar asbestos, kuma tana iya shafe shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana. Don haka a gaya wa likita idan Baba ya taɓa yankan silin ko rufin asbestos.

Idan an yi hoton da allurar da ke haska jijiyoyin jini (a fara duba ƙodarsa kafin a yi ta), ana ganin ruwan da ya taru, kaurin tantani, ƙullutai, da kitsen da ke rufe hanji ya dunƙule ya yi tauri. Sai dai ƙullutun da bai kai milimita 5 ba yakan tsere wa na'urar.

Ga inda gizo ke saƙar. Tarin fuka na ciki, wanda ya fi wannan sankara yawa nesa ba kusa ba a yankinmu, yana iya fitowa a hoto kusan iri ɗaya. Haka ma sankarar tumbi ko ta hanji da ta bazu. Ruwan cikin da ake zuƙowa da sirinji ma sau da yawa ba ya nuna komai. Abin da ke raba gardama shi ne a shiga da 'yar kyamara ta ƙaramin rami, a yanko ɗan nama, a yi masa gwajin sinadarai irin su kalretinin a ɗakin bincike.

Ni dai ba na son a ɗora majinyaci kan maganin tarin fuka na watanni bisa tsammani, in ana iya ɗaukar naman. Amfanin CT na gaske yana zuwa bayan haka: shi ke nuna wa likitan fiɗa yadda cutar ta bazu, musamman a ƙaramin hanji, don a san ko za a iya kwashe ta a wanke ciki da maganin sankara mai ɗumi. Ku tambayi likitansa yaushe za a ɗauki naman.